FASHIN BAƘI: Jarrabawar kwamfuta da ɗaliban Masarautar Daura, abin da sabon shiga ya kamata ya sani da wanda ya kamata ya koya masa

Tun daga shekarar 2015, duk ɗalibin da ke neman gurbi a jami'a, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin ilimi a Najeriya ta hanyar jarrabawar UTME, dole ne ya zauna a gaban kwamfuta. Hukumar JAMB ta daina rarraba takardar tambayoyi da takardar cike gurbi da fensir. Tambayoyi 180 ake bai wa ɗalibi: 60 a darasin Ingilishi, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin darussa ukun da ya zaɓa. Lokacin da aka ware masa sa'o'i biyu ne. Idan aka raba minti 120 a kan tambayoyi 180, kowace tambaya ta tashi da daƙiƙa 40.

Wannan lissafi shi ke nuna nauyin maganar. Ɗalibin da yake ɓata daƙiƙa goma a kowace tambaya wajen laluben inda zai danna, kafin a tashi ya yi asarar minti 30, wato lokacin tambayoyi 45. Ya yi karatu, ya san amsa, amma agogo ya cinye masa kashi ɗaya cikin huɗu na jarrabawa.

A ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, wato Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, akwai matasan da suka gama sakandare wayar hannu ba ta ba su wahala, amma ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta na tsawon sa'a ɗaya ba. Abin da ya rage musu su koya ba shi da yawa, kwanaki kaɗan sun isa. Matsalar ita ce wasu na samun waɗannan kwanaki a gida ko a makarantar kuɗi, wasu kuwa sai ranar jarrabawa suke fara ganin na'urar a kusa.

Yadda jarrabawa ta koma kan kwamfuta

An kafa JAMB a 1978, kuma ta shafe fiye da shekaru talatin tana gudanar da jarrabawarta a kan takarda. A 2013, zamanin shugabancin Farfesa Dibu Ojerinde, hukumar ta fara gwajin kwamfuta, ta bar wa ɗalibai zaɓi tsakanin sabon tsari da tsohon. Bayan shekara biyu aka rufe ƙofar takarda gaba ɗaya. Hujjojin da hukumar ta kafa su ne rage satar amsa, da kawo ƙarshen fitar tambayoyi kafin ranar jarrabawa, da saurin fitar da sakamako. Farfesa Is-haq Oloyede, wanda ya karɓi shugabancin hukumar a 2016, ya ƙara abubuwa biyu a 2017 da suka shafi sababbin shiga kai tsaye: jarrabawar gwaji da ake yi kafin ta gasken, da kuma tsarin amsa tambayoyi da haruffa takwas ba tare da linzami ba.

Sauran hukumomi ma sun bi sahu. Majalisar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, da kwamfuta take gudanar da jarrabawar tantance malamai. An yi amfani da cibiyoyin JAMB wajen jarraba masu neman aikin ɗan sanda. WAEC ta gudanar da jarrabawarta ta farko a kan kwamfuta a farkon 2024, ga ɗalibai masu zaman kansu. A Afrilun 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da umarnin WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya zuwa 2026. A watan Nuwamba na wannan shekarar, Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta shirin zuwa 2030, bisa hujjar cewa makarantun karkara ba su da na'urori da wutar lantarki da malaman da za su shirya yara.

Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, alƙiblar ta fito fili. Daura kanta ta samu sababbin manyan makarantu a shekarun nan: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a Disambar wannan shekarar, ga kuma Kwalejin Dakta Yusufu Bala Usman da ta daɗe a garin. Makarantar tarayya tana ɗibar ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan. Ɗan Sandamu da ke ganin ginin jami'a daga bakin titi zai yi gogayya da ɗan Legas da ɗan Abuja a kan gurbi ɗaya, kuma matakin farko na wannan gogayya a gaban kwamfuta ake yin sa.

Me ya sa wanda ya iya waya yake rikicewa?

Ana yawan cewa yaran zamani sun riga sun iya na'ura, tunda ga su nan a WhatsApp da TikTok da Facebook. Akwai gaskiya a ciki, domin wanda ya saba da waya ya san ma'anar buɗe manhaja da rufe ta, ya san alamar gilashin bincike, ya san kalmar sirri. Sai dai akwai wurare huɗu da sabon shiga kan yi tuntuɓe.

Na farko, a waya yatsa yana taɓa abin da ido ya gani. A kwamfuta hannu yana kan tebur, ido yana kan allo, kibiya ce ke haɗa su. Sai hannu ya saba kafin kibiyar ta riƙa tsayawa daidai inda ake so.

Na biyu, madannan kwamfuta ba sa gyara wa mutum rubutu, kuma ba sa kawo masa kalmar da yake nufi. Harafi ɗaya da aka yi kuskurensa a lambar rajista ya isa ya hana shiga.

Na uku, waya manhaja ɗaya take nunawa a lokaci guda. Kwamfuta kuwa tana iya buɗe tagogi da yawa, wata a bayan wata. Sau da yawa sabon shiga kan ɗauka aikinsa ya ɓace, alhali wata taga ce ta rufe shi.

Na huɗu, waya tana adana hoto da saƙo da kanta. A manhajojin kwamfuta da yawa, mai rubutu ne zai ba da umarnin adanawa, ya zaɓi suna, ya zaɓi wurin ajiya. Idan wuta ta ɗauke kafin ya yi haka, aikin na iya tafiya.

Linzami, madannai da taga

Linzami, wanda masu shagon kwamfuta ke kira maus, ƙaramar na'ura ce da ake dafawa da tafin hannu. Wani injiniya ɗan Amurka, Douglas Engelbart, shi ya ƙirƙiro shi, ya kuma nuna shi ga jama'a a 1968. Yana da maɓalli biyu da ɗan gare a tsakaninsu. Ayyukansa biyar ne. Danna maɓallin hagu sau ɗaya yana zaɓar abu. Danna shi sau biyu a jere da sauri yana buɗe fayil ko manhaja daga fuskar kwamfuta. Danna na dama yana fito da ɗan jerin umarni da suka shafi abin da kibiya take kai. Murza garen tsakiya yana sauko da shafi ko ya hau da shi. Riƙe maɓallin hagu a danne tare da jan linzami yana ɗauke abu daga wani wuri zuwa wani, ko ya shafa rubutu don a zaɓe shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne danna komai sau biyu. A shafin intanet da cikin jarrabawa, dannawa ɗaya ta wadatar. Wanda ya danna sau biyu a kan maɓallin wucewa gaba zai iya tsallake tambaya bai sani ba. Wani kuskuren kuma shi ne ƙanƙame linzami ko ɗaga shi sama. Hannu a sake ake so, wuyan hannu yana kan tebur. Idan linzamin ya kai bakin tebur, sai a ɗaga shi a mayar tsakiya, kibiya ba za ta motsa ba yayin da yake sama.

Siffar kibiyar ma tana magana. Idan ta koma hannu mai nuni da yatsa, wurin ana iya danna shi. Idan ta koma siririn tsayayyen layi, wurin rubutu ne. Idan da'ira ta bayyana tana juyawa, kwamfuta tana aiki, jira take buƙata. Ƙara dannawa a wannan lokaci nauyi kawai yake ƙara mata.

Allon madannai, wato kibod, bai bi jerin abacada ba. Layin haruffa na sama yana farawa da Q, W, E, R, T, Y, tsarin da aka gada daga keken rubutu tun shekarun 1870, kuma shi ne a yawancin wayoyi, don haka ido ya riga ya saba da shi. Maɓallan da sabon shiga ya fi buƙata kaɗan ne. Enter yana tabbatar da umarni ko ya sauka sabon layi. Backspace yana goge harafin da ke baya. Dogon maɓallin ƙasa yana ba da tazara. Shift, idan aka riƙe shi tare da harafi, yana ba da babban baƙi. Tab yana tsallakawa daga akwatin rubutu zuwa na gaba. Caps Lock kuwa yana mayar da dukkan haruffa manya har sai an sake danna shi, kuma shi ne sanadin da ya sa kalmar sirri ta gaskiya take ƙin buɗewa sau da yawa, domin kwamfuta tana bambanta babban baƙi da ƙarami.

Kowace manhaja a cikin taga take buɗewa. A kwamfutoci masu Windows, waɗanda su suka fi yawa a shaguna da makarantu, akwai alamu uku a kusurwar dama ta sama. Ɗan gajeren layi yana sauke taga zuwa sandar ƙasa ba tare da rufe ta ba. Murabba'i yana faɗaɗa ta ta cika allo. Alamar X tana rufe ta. Tagar da ta ɓuya tana nan a sandar ƙasa, dannawa ɗaya za ta dawo da ita.

Menu: jerin zaɓi da kalmomin da ke cikinsa

Menu shi ne jerin umarnin da manhaja take iya aiwatarwa, an tsara su rukuni-rukuni. Hikimarsa ita ce ba sai mutum ya haddace komai ba. Ya buɗe jerin, ya karanta, ya zaɓa. Kamfanin Apple ya yaɗa wannan tsari da kwamfutar Macintosh a 1984, Microsoft ya fito da Windows a 1985, kuma tun daga lokacin kalmomin ba su canza sosai ba. Wanda ya gane su a manhaja ɗaya zai tarar da su a saura.

A saman taga, rukunin farko daga hagu yawanci File ne. A ƙarƙashinsa ake samun New don fara sabon aiki, Open don buɗe wanda aka ajiye, Save don adanawa, Save As don adanawa da sabon suna ko a sabon wuri, da Print don bugawa a takarda. Rukunin Edit, ko Home a wasu manhajojin, shi ke ɗauke da Copy, wato kwafa, da Paste, wato liƙa abin da aka kwafa, da Undo, wanda ke warware abin da aka yi na ƙarshe. Undo shi ne babban abokin mai koyo, domin yana nuna masa cewa yawancin kurakurai suna gyaruwa. Riƙe Ctrl tare da Z yana yin wannan aiki, Ctrl tare da S kuma yana adanawa.

Akwai ƙa'idoji uku da menu ke bi. Umarnin da rubutunsa ya dusashe ba ya aiki a wannan lokaci, sai an cika wani sharaɗi, kamar zaɓar rubutu kafin a kwafa. Umarnin da ke da ƙaramar kibiya a gefensa yana da wani jerin a cikinsa. Buɗe menu a duba kuma ba ya lalata komai. Wanda ya buɗe bai ga abin da yake nema ba, sai ya danna Esc ko ya danna wani fili a gefe, jerin ya rufe.

Wani lokaci ƙaramin akwati yakan fito a tsakiyar allo yana tambaya, da maɓallai irin su OK, Yes, No da Cancel. Nan ne ake son natsuwa. A karanta kafin a danna. Idan ba a gane ba, Cancel ya fi aminci, domin yana mayar da mutum inda yake.

Fom ɗin intanet, na neman makaranta ko na neman aiki, da 'yan abubuwa kaɗan ake gina shi. Akwai akwatin rubutu. Akwai akwati mai kibiya tana kallon ƙasa, wanda idan aka danna yake zubo da jeri, kamar na jihohi, sannan na ƙananan hukumomi. Mai zaɓar Katsina zai ga ƙananan hukumomi 34, dole ya murza ƙasa kafin ya kai ga Sandamu ko Zango. Akwai ƙananan da'irori da ake zaɓar ɗaya tak a cikinsu, irin su ne a amsoshin jarrabawa. Akwai ƙananan murabba'ai da ake iya zaɓar fiye da ɗaya. Jan tauraro a gefen akwati yana nufin dole ne a cike shi. Upload shi ne ɗora hoto ko takarda daga kwamfuta zuwa shafin, Download shi ne sauko da abu daga shafin. Submit shi ne miƙawa, kuma sau da yawa bayansa babu gyara sai da kuɗi da zirga-zirga.

Duk waɗannan kalmomi na Ingilishi ne, kuma ba su wuce talatin ba. Windows yana da fassarar Hausa da ake iya ɗorawa, haka Facebook da Google, amma manhajar jarrabawa da shafukan hukumomin tarayya da Ingilishi suke zuwa. Malamin da ya rubuta kalmomin a allon aji da ma'anarsu da Hausa ya rage wa ɗalibansa rabin wahala tun kafin su ga kwamfuta.

Haruffan da JAMB ta tanada

A cikin ɗakin jarrabawa, bayan an tantance ɗalibi da zanen yatsa an nuna masa kujera, zai rubuta lambar rajistarsa a akwatin da ke allo. Sunansa da hotonsa da darussansa huɗu za su bayyana. Ya kamata ya tabbatar nasa ne, sannan ya karanta umarnin da ke gabansa, domin abin da aka rubuta a allon ranar shi ne abin bi.

Darussan huɗu suna jere a sama, dannawa ɗaya ke kai mutum daga wani zuwa wani, kuma babu dokar da ta ce sai an fara da Ingilishi. Agogo yana gefe yana ƙirga lokacin da ya rage. Lambobin tambayoyi suna jere, launinsu yana bambanta wadda aka amsa da wadda aka tsallake. Akwai na'urar lissafi a cikin manhajar, domin an hana shiga da ta hannu, kamar yadda aka hana waya da agogo.

Wanda linzami bai zauna masa a hannu ba yana iya ajiye shi. Haruffan A, B, C da D suna zaɓar amsa. N yana kai wa tambaya ta gaba. P yana mayarwa ta baya. S yana fara miƙa jarrabawa, kuma kwamfuta za ta nemi tabbaci kafin ta rufe, wanda a tsarin shekarun nan ake bayarwa da harafin Y. R yana mayar da ɗalibi cikin jarrabawa idan ya danna S bisa kuskure. Canza amsa ba ya buƙatar gogewa: a koma tambayar, a danna sabon harafi, tsohon zaɓi ya tashi.

Idan kwamfuta ta tsaya ko ta mutu, ɗalibi ya ɗaga hannu ya kira jami'in ɗaki nan take. Ƙa'idar JAMB ita ce kowace cibiya ta mallaki kwamfutoci 250 masu aiki da ƙarin kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, saboda irin wannan. Na'ura ma tana kuskure, kuma abin da ya faru a 2025 shaida ne. Bayan ƙorafin da ya biyo bayan fitar sakamako, inda fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu suka samu ƙasa da maki 200 daga 400, Farfesa Oloyede ya fito a ranar 14 ga Mayu ya amsa cewa tangarɗar manhaja ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Ɗalibin da ya saba da kwamfuta yana iya bambanta kuskurensa da na na'ura, ya yi ƙorafi a kan lokaci. Wanda bai saba ba, komai ya faru kansa zai zarga, ya yi shiru.

Bayan jarrabawa: wa ke riƙe da kalmar sirri?

Aikin kwamfuta yana farawa tun kafin ranar jarrabawa, yana kuma ci gaba bayanta. Tun 2021 sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN ake rajistar JAMB, kuma lambar wayar da aka yi rajista da ita tana bin ɗalibi har ƙarshe. Tun 2017 kuma, ta shafin CAPS ake ba da gurbin karatu, inda ɗalibi zai shiga ya danna Accept idan ya karɓa ko Reject idan ya ƙi. Asusun ba ɗalibai rancen karatu, NELFUND, da ya buɗe shafinsa a Mayun 2024, ta intanet ake neman sa. Hukumar zaɓe ta INEC ta fara karɓar matakin farko na rajistar masu zaɓe ta intanet a 2021, kuma shafinta na IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa, da jerin zaɓi ake bin sa: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Matashin da ke son ganin abin da aka rubuta a rumfarsa ta Baure ko Mai'adua da idonsa, irin wannan akwati mai kibiya zai danna.

Wanda bai iya ba, dole ya miƙa wa wani. Masu shagunan kwamfuta suna cike babban giɓi, kuma akasarinsu sana'arsu suke yi tsakani da Allah. Amma duk wanda ya bar wani ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya sa lambar wayar da ba tasa ba, ya damƙa makullin makomarsa a hannun da ba nasa ba. Harafi ɗaya da ya sauya a suna, ko ranar haihuwar da ta saɓa da ta NIN, na iya jawo watanni ana neman gyara. JAMB ta sha nanata cewa a cibiyoyin da ta amince da su kaɗai ake rajista. Ko a can ɗin ma, haƙƙin ɗalibi ne ya karanta abin da aka rubuta a allo kafin a miƙa, ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, ya kuma danna Logout kafin ya tashi daga kwamfutar da ba tasa ba.

Alhakin wa ne?

Darasin kwamfuta yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya na shekaru tara da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare, ƙarƙashin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. A takarda ke nan, yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ya riga ya san duk abin da aka zayyana a sama. A makarantar da babu ɗakin kwamfuta kuwa, ko akwai shi babu wuta, darasin yakan tsaya a zanen linzami a allo da haddar sunayen sassa. Riƙe linzami aikin hannu ne, kamar tuƙa keke, ba a koyon sa da hadda.

Hukumomin da abin ya rataya a wuyansu sanannu ne. Makarantun firamare da ƙananan sakandare suna ƙarƙashin kulawar hukumar SUBEB ta jiha da sassan ilimi na ƙananan hukumomi, tare da tallafin UBEC ta tarayya. Manyan sakandare na hannun Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina. Hukumar NITDA ta ɗora wa kanta burin kashi 70 cikin ɗari na 'yan Najeriya su iya amfani da fasahar zamani zuwa 2027. Asusun USPF na hukumar sadarwa ta NCC an kafa shi ne don kai sadarwa da na'urori yankunan da kamfanoni ba su kai ba, har da makarantu. Masarautar tana da 'yan Majalisar Wakilai biyu, na Daura, Sandamu da Mai'adua, da na Baure da Zango, ga Sanatan Katsina ta Arewa, kuma rabon kwamfutoci na cikin ayyukan mazaɓu da ake yawan gani a kasafin kuɗin tarayya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, shugabanninsu ma ba su da hujjar zame kansu daga tambaya.

Tambayoyin da suka dace a yi ba su da sarƙaƙiya. Manyan sakandaren gwamnati nawa ne a kowace ƙaramar hukuma suke da ɗakin kwamfuta? Kwamfutoci nawa ne a ciki suke kunnuwa a yau? Da me ake ba su wuta, lantarkin KEDCO, janareta ko hasken rana, kuma wa ke biyan kuɗin mai da gyara? Sa'o'i nawa ɗalibin ajin ƙarshe ke samu a gaban na'ura kafin jarrabawa? Makarantun 'yan mata suna samun daidai da na maza? Hoton bikin miƙa kwamfutoci a cikin kwali ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi irin waɗannan alƙaluma, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi ma. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa da kwamitocin kula da makarantu duk suna iya amfani da ita.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar sabon kasafi. Manyan makarantun Daura suna da ɗakunan kwamfuta, kuma cibiyoyin jarrabawa ba kullum suke cike ba. Yarjejeniya tsakaninsu da shugabannin sakandare, a riƙa kawo ɗaliban ajin ƙarshe rukuni-rukuni a ranakun Asabar, za ta ci kuɗin mota da na mai ne kawai. Ɗalibai daga ƙauyukan Baure da Zango, waɗanda suka fi nisa da cibiyoyin, su ya kamata a fara sa wa a jerin.

Kafin hukuma ta motsa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa zai iya raba koyonsa zuwa zama biyar na sa'a ɗaya, a shagon kwamfuta, ko a makaranta, ko a kwamfutar wani ɗan'uwa. A zama na farko ya saba da linzami: ya buɗe taga, ya faɗaɗa, ya sauke, ya rufe. A na biyu ya rubuta cikakken sunansa da lambobi, ya goge, ya sake, har sai ya daina neman haruffa. A na uku ya bi menu ɗaya bayan ɗaya, ya adana fayil, ya rufe, ya nemo shi da kansa. A na huɗu ya buɗe imel ɗinsa ya shiga ya fita ba tare da taimako ba. A na biyar ya amsa tsofaffin tambayoyi a manhajar gwaji, agogo na tafiya, da haruffa kaɗai.

Sharaɗin duka shi ne mai koyo ya riƙe linzamin da kansa, mai koyarwa ya tsaya a gefe ya yi bayani da baki. Wanda kuma yake da halin biyan kuɗin jarrabawar gwaji ta JAMB, ya zaɓe ta tun lokacin rajista, domin ita ce damar zama a ɗakin gaske, a gaban manhajar gaske, ba tare da makin ya shiga sakamakonsa ba.